Tumakin da ba na layya ba: yadda dabbobi ke taimakon likitoci kan ciwon rawar jiki na gado

A wata gonar bincike da ke kudancin ƙasar Ostareliya, an shafe shekaru ana kiwon wani garken tumaki wanda babu dillalin da ya taɓa taya ko ɗaya daga cikinsu. Ba a kai su kasuwa, ba a kuma yanka su da salla. In ka gan su suna kiwo ba za ka bambanta su da na maƙwabta ba, amma kowace tana ɗauke da ƙwayar gadon wata muguwar cuta ta ɗan Adam, wadda masana suka dasa wa kakanninsu da gangan. Sunanta cutar Huntington. Tana cinye ƙwaƙwalwa sannu a hankali, tana sa jikin mutum ya riƙa fizga ba da son ransa ba, tana kuma bin zuri'a daga iyaye zuwa ƴaƴa.

Mai karatu zai ce me ya haɗa tunkiya da ciwon mutum? Amsar ta shafi ɓeraye da ƙudaje da birai da aladu, ta kuma shafi wata ƙa'ida da kowane ɗan kasuwa ya sani: samfur daban, abin da ke cikin buhu daban.

Wace irin cuta ce?

Wani matashin likita ɗan Amurka mai suna George Huntington ne ya yi cikakken bayaninta a 1872, yana da shekara 22. Mahaifinsa da kakansa duk likitoci ne a gari guda a jihar New York, kuma sun daɗe suna lura da wasu gidaje da ciwon ke maimaituwa a cikinsu. Wannan dogon sani na mutum uku shi ya ba shi damar gane cewa abin na gado ne.

Yawanci tana bayyana ne tsakanin shekara 30 zuwa 50, wato lokacin da mutum ya riga ya yi aure, ya haifu, yana tsakiyar neman abincinsa. Da farko hali ne ke canzawa: saurin fushi, baƙin ciki marar dalili, mantuwa, rikicewar lissafi. Daga baya sai yatsu da kafaɗu da fuska su fara motsi da kansu, tafiya ta zama tangaɗi, har wanda bai sani ba ya ɗauka maye ne. A ƙarshe magana takan gagara, haɗiyar abinci ta zama wahala, mutum ya rame ya kwanta. Daga bayyanar alamun farko zuwa rasuwa akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. A tsakanin Turawa, kamar mutum 5 zuwa 10 ne cikin kowane 100,000 ke da ita.

Yadda ake gadonta

A cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai rubutun gado da masana ke kira DNA, wanda aka ɗaure dami-dami har 23, kowane dami kuma biyu ne, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Da haruffa huɗu kacal ake wannan rubutu. A dami na 4 akwai wani wuri da haruffa uku, C da A da G, suke maimaituwa a jere. Mai lafiya yakan samu maimaici 26 ko ƙasa da haka. Wanda nasa ya kai 40 ko ya zarce, to cutar za ta same shi muddin ya yi tsawon rai. Tsakanin 36 da 39 kuwa, tana iya bayyana, tana iya ƙin bayyana. Wannan tsawo da ya wuce kima shi ke sa jiki ya ƙera wani gurɓataccen sinadarin furotin da ke kashe ƙwayoyin da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa motsi.

A nan akwai bambanci da ciwon sikila da muka saba ji. Sikila sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da nasa. Ita kuwa Huntington, ɗaya daga cikin iyaye ya isa. Duk ɗan da mai cutar ya haifa, mace ko namiji, rabi da rabi ne: ko ya ɗauko ko ya tsira. Wanda ya tsira kuma, zuri'arsa ta tsira ke nan.

Gano wannan wuri bai zo da sauƙi ba. Wata baturiyar Amurka mai suna Nancy Wexler, wadda cutar ta kashe mahaifiyarta, ta fara zuwa ƙauyukan masunta na bakin tafkin Marakaibo a ƙasar Benezuwela a 1979, inda ciwon ya yi katutu fiye da ko'ina a duniya. Ita da abokan aikinta sun tsara salsalar dangi mai mutum sama da 18,000, suka ɗebi jinin dubbai da yardarsu. Da taimakon wannan jini aka gano damin da matsalar take a 1983, sannan aka gano ita kanta ƙwayar gadon a 1993.

Me ya kawo dabbobi ciki?

Sanin ɓarawo daban, kama shi daban. Bayan 1993 an san mai laifi, amma ba a san yadda yake ɓarnarsa ba. Ba a buɗe kan mai rai don a leƙa, kuma ƙwaƙwalwar wanda ya rasu ba ta nuna komi sai ƙarshen labari, kamar mutumin da ya iso kasuwa bayan gobara ta lafa, yana son ya san rumfar da wutar ta fara. Ga shi cutar tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta nuna kanta. Bugu da ƙari, babu dabbar da aka sani tana kamuwa da ita da kanta. Saboda haka masana suka koma dasa ƙwayar gadon a cikin ƙwan dabba tun kafin ya zama ɗa, ta yadda za a haife shi da ita, shi ma ya gadar wa ƴaƴansa.

Darasin farko ya zo a 1995, lokacin da aka cire wa ɓeraye tasu lafiyayyar ƙwayar gaba ɗaya. Duk suka mutu tun suna ciki. Wannan ya nuna cewa jiki yana bukatarta, don haka ba a tumɓuke ta kai tsaye da sunan magani. A wannan shekara kuma aka samar da ɓeraye masu wata cutar gado ta daban mai hana daidaita tafiya, wadda ita ma maimaicin waɗannan haruffa uku ke haddasawa. Cututtukan da ke cikin wannan dangi sun kai tara, shi ya sa abin da aka koya a kan ɗaya yakan amfani saura.

Ɓeran Landan

A 1996 wata masaniya mai suna Gillian Bates da ma'aikatanta a asibitin Guy's da ke Landan suka fitar da ɓeran da ya fi kowanne suna a wannan fage, wanda ake kira R6/2. Guntun ƙwayar gadon mutum suka dasa masa, mai maimaici kusan 150. Ɓeran gida yakan rayu wajen shekara biyu, amma wannan cikin ƴan makonni yake fara karkarwa da tangaɗi da ramewa, kuma wajen wata uku yake mutuwa. In an ɗaga shi ta wutsiya sai ya dunƙule ƙafafunsa, maimakon ya baza su kamar yadda lafiyayye ke yi. Akan ɗora shi kan wata sanda mai juyawa a ƙirga daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya faɗo, da haka ake auna ko magani ya yi masa aiki.

Shekara guda bayan haka, wato 1997, aka ga wasu dunƙule-dunƙulen gurɓataccen furotin a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar waɗannan ɓeraye. Da aka koma aka duba ƙwaƙwalwar mutanen da cutar ta kashe, sai ga su nan. Ɓera ne ya nuna wa likitoci inda za su duba.

A 1998 aka shigo da ƙananan ƙudajen nan da ke bin nunannen mangwaro da ayaba. In an dasa musu ƙwayar, sai ƙwayoyin idonsu su riƙa lalacewa, abin da ake iya gani da madubin likita. Ƙuda yana girma cikin kwana goma, ba ya cin kuɗi, ana iya tara dubbai a ɗaki guda, saboda haka da su ake tankaɗe magunguna masu yawa kafin a zaɓi waɗanda za a gwada wa ɓera.

Babban albishir ya zo a shekara ta 2000 daga jami'ar Columbia ta New York. Ai Yamamoto da abokan aikinta sun samar da ɓeran da ake iya kashe masa ƙwayar cutar kamar yadda ake kashe fitila, ta hanyar zuba masa wani magani a ruwan sha. Suka bari ciwon ya kama shi sosai, sannan suka kashe. Dunƙule-dunƙulen nan suka ɓace, motsinsa kuma ya gyaru. Kafin wannan gwaji, da yawa sun ɗauka cewa in ɓarna ta fara ba ta da birki. Daga nan hankalin masana ya koma kan dabara guda: a rage yawan gurɓataccen furotin da ƙwaƙwalwa ke ƙerawa.

Daga ɓera zuwa tunkiya

To amma ɓera ɓera ne. Ƙwaƙwalwarsa ba ta kai rabin giram ba, ta mutum kuwa ta kusa kilo ɗaya da rabi. Ɗigon maganin da zai game kan ɓera, a kan mutum ko'ina ba zai je ba. Haka kuma dabbar da ke mutuwa cikin wata uku ba za ta nuna yadda cuta ke rarrafe tsawon shekaru ba. Dole aka nemi manyan dabbobi.

A 2008 aka ba da labarin haihuwar birai biyar masu ƙwayar cutar a cibiyar Yerkes da ke birnin Atlanta na Amurka. Sun nuna fizgar jiki irin ta mutane, amma ciwon ya yi wa wasunsu tsanani har suka mutu ba da jimawa ba, ga tsadar kiwon biri, ga kuma jama'a da yawa da ba su yarda a yi wa biri haka ba.

Sai tumaki. Masana na jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand, ƙarƙashin Russell Snell da Richard Faull, tare da masu kiwon gwaji na Ostareliya, sun ba da labarin nasu garken a 2010. Cikakkiyar ƙwayar gadon mutum suka dasa, mai maimaici 73. Tunkiya tana iya wuce shekara goma, ƙwaƙwalwarta ta haura giram 100 kuma tana da naɗe-naɗe irin na ta mutum, sannan kiwonta a fili yake cikin ƴan uwanta, babu keji. Waɗannan tumaki sun yi shekaru ba su nuna rawar jiki ba, kuma a nan amfaninsu yake, domin suna nuna abin da ke gudana a ɓoye kafin ciwo ya fito fili. An gano cewa lokacin barcinsu da tashinsu yana rikicewa tun da wuri, kamar yadda masu cutar ke kokawa. A 2017 kuma an samu sinadarin yuriya, wanda jiki ke fitarwa ta fitsari, ya taru fiye da kima a ƙwaƙwalwarsu, aka kuma same shi haka a ta mutane.

Masu cewa tunkiya ba ta da wayo sai su saurara. A 2017 Farfesa Jenny Morton ta jami'ar Kambirij a Ingila ta koya wa wasu lafiyayyun tumaki takwas gane fuskokin mutane huɗu a hoto, ciki har da tsohon shugaban Amurka Barack Obama. In tunkiya ta zaɓi hoton da ya dace sai a ba ta abinci. Sau takwas cikin goma suna dacewa. Manufar ita ce a samu ma'aunin da za a riƙa gwada kaifin tunanin tumaki masu cutar, tun da tana taɓa tunani kamar yadda take taɓa motsi. Makiyayin da tumakinsa ke gane shi daga nesa ba zai yi mamakin wannan ba.

A ƙasar Sin kuwa, masana na jami'ar Jinan da ke birnin Guangzhou sun ba da labarin samar da aladu a 2018, waɗanda aka gyara musu tasu ƙwayar gadon ta koma irin mai cutar. Sun nuna matsalar tafiya da ta numfashi, ƙwayoyin da ke mutuwa a kansu su ne dai waɗanda ke mutuwa a kan mutum, kuma sun gadar wa ƴaƴansu.

Ba a yin wannan aiki kara zube. Tun 1959 wasu masana biyu na Ingila suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da yawancin ƙasashe suka ɗauka: in akwai wata hanya kada a taɓa dabba, in ya zama dole a yi da mafi ƙarancin adadi, kuma a rage mata wahala iyakar iyawa. Duk da haka dabbobin suna shan wuya, kuma muhawara a kan haka ba ta ƙare ba.

Samfur daban, buhu daban

Wanda ya taɓa sayen hatsi saboda kyan abin da aka nuna masa a tafin hannu, ya je gida ya tarar da tsakuwa a ƙasan buhu, zai fahimci abin da ya biyo baya. Magunguna da dama sun ƙara wa ɓeraye kwana, amma da aka zo kan mutane sai suka tashi a tutar babu. Sinadaran creatine da coenzyme Q10, waɗanda ake sayarwa a matsayin masu ƙara kuzari, sun taimaki ɓeraye. Aka gwada na farko a kan mutum sama da 500, na biyu a kan sama da 600, kuma a 2014 aka dakatar da gwaje-gwajen biyu saboda babu alamar amfani.

Wanda ya fi karya zukata shi ne tominersen, maganin da ake yi wa allura ta gadon baya domin ya rage gurɓataccen furotin. Irinsa ya yi aiki a jikin ɓeraye a 2012. A ƙarshen 2017 aka sanar cewa ya rage furotin ɗin a jikin mutane a wani ƙaramin gwaji mai mutum 46, iyalai suka yi ta murna. Kamfanin Roche ya shirya babban gwaji mai mutum kusan 800, amma a watan Maris na 2021 aka tsayar da ba da maganin, domin bai rage saurin cutar ba, waɗanda aka fi yi wa allurar a kai a kai ma sun fi saura jin jiki.

Dalilan wannan giɓi a fili suke. Ɓerayen gwaji kusan duk jini ɗaya ne, abinci ɗaya, ɗaki ɗaya, mutane kuwa kowa da irin jikinsa. Sau da yawa akan ba ɓera magani tun kafin ciwo ya kama shi, alhali mutum sai ya jigata yake zuwa asibiti. Sannan an cusa wa ɓeran maimaici mai yawan gaske tun daga haihuwa don ciwon ya zo da sauri. Wani bincike da aka fitar a farkon 2025, wanda aka yi da ƙwaƙwalwar mamatan da suka yi wasiyya da ita, ya nuna cewa a jikin mutum maimaicin yana ƙaruwa ne a hankali cikin wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa tsawon shekaru, kuma sai ya haura kusan 150 yake kashe su.

A watan Satumba na 2025 kamfanin uniQure ya ba da sanarwar da ta zaga duniya. Maganinsa mai suna AMT-130, wanda aka fara gwadawa a kan ɓeraye da ƙananan aladu da birai, ana zuba shi ne sau ɗaya tak a tsakiyar ƙwaƙwalwa ta hanyar tiyata mai ɗaukar sa'o'i sama da goma. Kamfanin ya ce a cikin waɗanda suka samu kaso mai yawa, saurin cutar ya ragu da kashi 75 cikin 100 bayan shekara uku. Sai dai mutum 12 ne kawai aka gina wannan lissafi a kansu, kuma da bayanan wasu majinyata na daban aka kwatanta su. A watan Nuwamba na shekarar, kamfanin da kansa ya bayyana cewa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta nuna wannan hujja ba ta wadatar ba. Har shekarar 2025 ta ƙare babu maganin da aka amince yana tsayar da cutar. Waɗanda ake da su, irin su tetrabenazine da Amurka ta amince da shi a 2008, rage fizgar jiki kawai suke yi.

Ina ruwanmu?

An daɗe ana ɗauka ciwon Turawa ne, amma ba haka abin yake ba. Likitocin asibitin Point G na Bamako sun tabbatar da ita ta gwajin jini a wasu gidaje na ƙasar Mali, an kuma same ta a Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen nahiyar. Akwai ma wata mai kama da ita sak, da ake kira HDL2, wadda aka gano musabbabinta a 2001, kuma kusan duk waɗanda aka samu da ita masu tsatson Afirka ne. Inda likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci, mai irin wannan ciwo yakan ƙare a hannun masu cewa iska ce ko sammu, ko a yi masa ƙazafin shaye-shaye, dukiyar gida ta tafi a banza.

Ba kowace rawar jiki ce Huntington ba. Tsufa, da cutar Parkinson, da wasu magungunan taɓin hankali, da zazzaɓin da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ga yara, duk suna iya kawo motsin da ba a so, wasunsu kuma suna da magani. Amma in a gida ɗaya an ga kaka ya yi, ɗansa ya yi, ga jika ya fara a tsakiyar ƙarfinsa, to a nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a babban asibiti, a kuma faɗa masa tarihin gidan ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Gwajin jini yana iya tabbatarwa, sai dai shawara ce mai nauyi ga wanda bai fara ciwo ba, don haka ba a tilasta wa kowa, ba a kuma yi wa yara ƙanana.

Ko babu waraka akwai abin yi. Akwai magungunan rage fizga da na baƙin ciki. Mai cutar yana bukatar abinci mai yawa kuma mai laushi, a zaunar da shi tsaye lokacin ci don kada ya shaƙe, a kawar da wuta da abubuwa masu kaifi daga inda yake zama, a kuma tuna cewa faɗan da yake yi ciwo ne ke sa shi. In ɗan kasuwa ne, gara tun da sauran hankalinsa a zauna da shi a rubuta bashin da yake bi da wanda ake bin sa, ya zaɓi wanda zai riƙe masa rumfa.

Duk wanda ya zo muku da kwalba ko ƙulli a tasha ko bakin iyaka, ya ce yana warkar da ciwon rawar jiki na gado, ku tambaye shi a kan mutum nawa aka gwada, a wane asibiti, wace hukuma ce ta sa hannu. Masanan da suka shafe shekara 30 suna wannan aiki da ɓeraye da tumaki ba su ce sun gama ba tukuna. Biyan kuɗi kafin a samu amsar waɗannan tambayoyi cinikin biri a sama ne.